Akwatin Ƙararrawar Ƙungiyar Kimiyya: Littafin Aiki

Litinin, 15 ga Janairu, 2024

Yau muka tsai da shawara: za mu haɗa akwatin ƙararrawa da hannunmu. Fizis nake koyarwa a wata babbar sakandare a nan Kumasi, ƙasar Ghana, kuma shekara ta uku ke nan ina horar da yaran da muke fatan su wakilce mu a gasar kimiyya da lissafi ta ƙasa, wadda kowa ke kira NSMQ. Tun 1993 ake yin ta, kuma duk wanda ya tashi a garin nan ya san yadda take tsayar da mutane a gaban talabijin. Prempeh College sun ɗauki kofin sau 5, na ƙarshe a 2021. 'Yan makarantar Opoku Ware sun ɗauka a 1997 da 2002, bara ma sun kai karawar ƙarshe, inda makarantar Presec ta Legon ta ɗaga nata na 8. Mu ba can muke hange ba tukuna. Burinmu bana mu tsallake zagayen share fage na yankin Ashanti.

Makarantu uku ke zama a kowace karawa, kowace da ɗalibai biyu. A zagaye biyu cikin biyar, wato na tsere da na kacici-kacici, wanda ya riga danna ƙararrawa shi ke da bakin magana. Mu kuwa a atisaye tebur ake buga wa tafin hannu, ni in faɗi wanda ya riga. Kunnena ba ma'auni ba ne. Rabin lokacinmu a gardama yake ƙarewa: "Malam, wallahi ni na riga shi!"

Abin da muke so: maɓalli uku, fitila uku, da ƙara guda. Wanda ya fara dannawa fitilarsa ta kama, sauran biyun su kulle sai alƙali ya sake buɗewa. Makaranta ta ba mu sidi 300, wasu tsofaffin ɗalibai biyu suka haɗa mana 200. Yara bakwai suka sa hannu. Cikinsu akwai wani ɗan aji biyu daga unguwar Asawase wanda ba ya cikin 'yan gasa, makinsa na jarrabawa ba ya kai shi, amma duk Asabar yana shagon kawunsa mai gyaran rediyo da waya.

Asabar, 20 ga Janairu

Kasuwa. Ni da yara biyu muka hau trotro, wato ƙaramar motar haya, zuwa kasuwar Kejetia, muka taka zuwa unguwar Adum, shago-shago har muka haɗa kayan. Allon Arduino Uno, wato 'yar ƙaramar kwamfutar da ake rubuta wa umarni ta sarrafa fitilu da maɓallai, sidi 160, manyan maɓallai uku 45, ƙananan fitilu da rezistoci (masu rage ƙarfin wuta) 20, 'yar ƙararrawa 15, allon gwaji mai ramuka 35, waya mita 20 a kan 60, batir mai bolt 9 guda biyu 30, kuɗin mota 25. Jimla 390, saura 110.

Yaron Asawase ne ya yi ciniki. Kowane maɓalli sai da ya kara a kunnensa ya danna ya saurara, ya mayar da biyu ya ce ƙarfen cikinsu ya yi laushi. Ni da na karanta fizis a jami'a tsayawa na yi ina kallo.

Talata, 23 ga Janairu

Ba wanda hankalinsa ke wurin aiki. Jiya 'yan ƙwallon ƙasarmu, Black Stars, suna gaba da ci 2 a kan Mozambik, aka rama duka a mintunan ƙarin lokaci. Duk da haka mun kunna fitila ɗaya da maɓalli ɗaya. Minti arba'in muka yi muka tashi.

Asabar, 27 ga Janairu

Ɓarna ta farko. Maɓallai uku sun yi aiki a kan tebur, kullewar ma ta yi daidai, sai dai 'yar ƙararrawar da muka saya kukanta bai fi na sauro ba. Wani yaro ya zo da lasifikar tsohuwar rediyon gidansu, muka jona ta kai tsaye a ƙafa ta 8 ta allon, wato ɗaya daga ramukan da ake jona waya. Ta yi ƙara mai daɗi har yara suka yi tafi. Muka yi ta dannawa, ƙarar ta fara dusashewa, daga nan sai shiru. Na taɓa bayan ƙwaƙwalwar allon na ji zafi.

Na sa aka cire batir, na ce kowa ya ɗauko biro. A bayan lasifikar an rubuta om 8. Allon bolt 5 yake bayarwa. Dokar Ohm dai da suka haddace tun aji ɗaya: 5 a raba da 8, ya ba da miliamfa 625. Iyakar abin da ƙafa ɗaya ta allon ke iya ɗauka miliamfa 40 ne, masu ƙera shi ma cewa suka yi a tsaya a 20. Ɗakin ya yi tsit. Laifina ne da ban sa mun yi lissafin kafin mu jona ba, kuma na faɗa musu haka. Allah ya taimake mu ƙafar nan kaɗai ta mutu, sauran na nan lafiya.

Bayan la'asar na bi yaron zuwa shagon kawunsa. Dattijo ne mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi. Na gaishe shi, na kwashe labari na faɗa masa. Ya ce, "Malam, ai ba a sa yaro ɗaukar buhu, sai dai a aike shi ya kira ƙato." Ya jawo wani gwangwanin madara cike da tarkace, ya zaro taransista 2N2222 da rezistoci biyu. Allon zai aika ɗan ƙaramin saƙo ne kawai, taransista ta ɗauki nauyin lasifikar. Na ciro kuɗi, ya ce in mayar aljihu, na makaranta ne.

Alhamis, 1 ga Fabrairu

Mun ja wa kowane maɓalli waya mita 5 don teburan su yi nisa da juna kamar a filin gasa. Nan sabuwar fitina ta ɓullo: fitila na kamawa ba wanda ya taɓa komai. An kunna fanka, ta kama. Wani ya gifta kusa da waya, ta kama. Yara suka fara cewa akwatin na da aljanu. Doguwar waya ce ke zama kamar eriya, tana kwaso hayaniyar wutar gini, ga kuma busasshiyar iskar hunturu da ke sa jiki tara caji.

Da dare na zauna da kwamfuta ni kaɗai. Na ƙara layi ɗaya a cikin umarnin: bayan allon ya duba maɓallan uku, ya jira kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa kafin ya sake dubawa. Tunanina shi ne in yana dubawa jefi-jefi, zai rage cin karo da hayaniyar. Da safe na gwada, kamawar banza ta ragu ƙwarai. Na ji daɗi.

Asabar, 3 ga Fabrairu

Wani kafinta a unguwar Aboabo ya yi mana akwatin da falanki, da ramuka uku na fitila da murfi mai ƙugiya. Sidi 90, bayan na ce, "Masta, a duba mana, na yara ne." Saura 20. Yara sun shafa masa fenti shuɗi da ya rage daga aikin allon sanarwa.

Laraba, 7 ga Fabrairu

Atisaye na farko da akwati. Tambaya 20, ba gardama ko ɗaya. Batir ɗin farko ya ƙare.

Laraba, 14 ga Fabrairu

Zama huɗu ke nan, tambaya 80, kuma ina rubuta wanda ya samu ƙararrawa a kowace. Tebur na ɗaya 41, na biyu 27, na uku 12.

Na uku shi ke damuna. A nan wata 'yar aji biyu daga Aboabo take zama, wadda ba wanda ke kama ƙafarta a kemistiri in dai a takarda ne. Ta taɓa gaya mini cewa tana ƙaramar sakandare ta kalli karawar ƙarshe ta 2021, da aka yi a nan Kumasi, ta ga Francisca Lamini ta makarantar Keta zaune tsakanin maza, daga ranar ta ce kimiyya za ta karanta. Mahaifinta sai da na je har gida na zauna da shi a zaure kafin ya yarda ta riƙa tsayawa bayan an tashi. Ya ce, "Malam, amana ce na ba ka, kafin magariba ta shigo gida."

To amma gasa ba takarda ba ce. A zagayen tsere amsar farko in ta yi daidai maki 3 ce, ta biyu 2, ta uku 1, wanda ya yi kuskure a cire masa 1. Wanda ya sani bai danna ba, daidai yake da wanda bai sani ba. Yau na ce mata a gaban kowa, "Hannunki ya yi nauyi. In ba ki gyara ba zan sa wani a kujerar." Ta ce, "Malam, ina dannawa." Na nuna mata takardar ƙidaya. Ba ta ƙara cewa komai ba, ta sunkuyar da kai tana gyara bakin hijabinta.

Na ba ta mako ɗaya.

Asabar, 17 ga Fabrairu

Ban san ta inda zan fara rubuta na yau ba.

Mun taru don gyara wata waya da ta kwance. Yaron Asawase ya jira sai da sauran suka fita shan ruwa, ya matso ya ce, "Malam, don Allah in gwada wani abu?" Ya ce shi yana tsaye a baya duk atisayen nan, hannaye yake kallo ba fitila ba, kuma sau da yawa ya ga hannun yarinyar ya sauka kafin na tebur na ɗaya. Na ce masa ido na ruɗi, shi ya sa ma muka gina akwatin. Ya ce, "Haka ne Malam, amma a gwada."

Ya jera maɓalli na ɗaya da na uku gefe da gefe, ya ɗora rula a kansu, ya danna tsakiyarta da yatsa ɗaya. Fitila ta ɗaya. Ya sake, ta ɗaya. Muka yi sau 30, ta ɗaya ta ci 29. Na ce ƙila maɓalli na uku ne ke da tauri. Ya cire wayoyin ya musanya su, wato maɓallin da ke na uku ya koma ramin na ɗaya. Muka sake 30. Nasarar ta bi ramin, ba ta bi maɓallin ba.

Jikina ya yi sanyi, don tun kafin in buɗe kwamfutar na san inda abin yake. Layin nan ne da na ƙara ranar 1 ga wata. Allon na duba na ɗaya, sannan na biyu, sannan na uku, sai ya rufe ido kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. Duk waɗanda suka danna a cikin wannan rufe idon, a wurinsa lokaci ɗaya suka danna, kuma da ya buɗe ido na ɗaya yake fara tambaya. Kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ba komai ba ne a hira, amma tsakanin yara shida da suka san amsa, yawancin tseren a cikinsa yake ƙarewa.

Da sauran suka dawo na sa aka rubuta lissafin a allo. Jiran milisakan 200 ne. In tebur na uku ya riga na ɗaya da milisakan 50, sai in buɗe idon allon ya faɗo cikin waɗannan 50 ɗin ne zai ci. Wato sau ɗaya cikin huɗu. Sau uku cikin huɗu wadda ta riga ita ce za a ce ta makara. Yarinyar ba ta zo ba yau, ta aiko cewa tana taya mahaifiyarta aiki. Ban sani ba ko aikin ne ko maganata ce ta hana ta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na yarda da akwatin fiye da yarinyar da na sani shekara biyu. Ta ce tana dannawa, na nuna mata lambobi. Lambobin kuwa daga kuskurena suka fito, wanda na yi da dare ni kaɗai ban nuna wa kowa ba. Da tafin hannu muke bugawa, da ta yi gardama kamar kowa. Da yake na'ura ce ta yanke hukunci, sai ta yi shiru ta ɗauka laifinta ne.

Litinin, 19 ga Fabrairu

A gaban kowa na yi mata faɗa, don haka a gaban kowa na ba ta haƙuri. Na sa yaron ya maimaita gwajin rula tana kallo. Na ce, "Ke ce da gaskiya, ni ne na yi kuskure. Ki yafe mini." Ta ce, "Ba komai, Malam." Sai ta nemi takardar ƙidayar nan, ta duba ta daɗe, ta tambaya ko za a iya gane tambaya nawa ne nata a ciki. Na ce ba hali. Na yaga takardar.

Asabar, 24 ga Fabrairu

Ranar gyara, tun takwas na safe. An ɗauke wuta ƙarfe goma, dumso, wato yawan ɗauke wuta, ya dawo mana sosai kwanakin nan, don haka liƙin dalma sai a shagon Kawu muka ƙarasa shi da yamma.

Hayaniyar waya mun magance ta daga tushe, yadda ya kamata in yi tun farko. Malamin kwamfuta ya ba mu ragowar wayar intanet, irin mai silli bibbiyu a murɗe da juna, wadda ba ta kwasar hayaniya kamar sakakkiya. Kowane maɓalli mun sa masa rezista mai om 1,000 da ke riƙe layin a bolt 5 har sai an danna, da ƙaramar kafasita mai shanye hayaniyar wuta, kuma iri ɗaya ga duka ukun. Mun bar allon gwaji, komai ya koma kan allon liƙi. An kunna fanka, an kashe, an yi ta zirga-zirga, fitila ko ƙyaftawa.

Umarnin kuma wannan karon a allo muka rubuta shi, layi-layi, kowa na gani, kafin a shigar. An cire jira gaba ɗaya. Allon na bugawa sau miliyan 16 a daƙiƙa, ba shi da dalilin rufe ido. Maɓallan uku yanzu a karatu ɗaya yake ɗaukarsu, ba ɗaya bayan ɗaya ba. Yarinyar ce ta ɗaga hannu ta ce, in aka yi dace biyu suka faɗo a karatu ɗaya fa? Muka yarda fitilun biyu su kama tare, alƙali ya soke tambayar ya kawo wata. Gwajin rula sau 60: ɗaya ta ci 27, ɗayar 31, canjaras 2.

Kuɗi: allon liƙi 15, kafasitoci da rezistoci 10, dalma 20. Asusu ya ƙare, na cika 25 daga aljihuna. Batir mai bolt 9 mun haƙura da shi, zama biyu yake yi ya mutu. Na kawo fawa bankina, sai ya riƙa kashe kansa don abin da akwatin ke ja ya yi masa kaɗan, yana ɗauka ba a jona komai ba. Wata malama ta ba mu aron tsohon nata wanda ba ya wannan wayon, shi ya zauna.

Alhamis, 29 ga Fabrairu

Sabuwar doka: duk bayan tambaya goma ana canza tebur, kuma kafin kowane zama sai an yi gwajin rula a gaban kowa.

Akwatin ya gyaru, hannun yarinyar ne bai dawo ba. Ina ganin leɓenta na motsi da amsa, yatsunta na kan maɓalli, amma sai ta dubi na kusa da ita tukuna. Mako biyu na'ura na gaya mata ta makara, ga shi ta fara makara da gaske. Na ware mata minti goma ita kaɗai bayan kowane zama, tambayoyi masu sauƙi, ba maki, ba cirewa, danna kawai ki faɗa.

Laraba, 6 ga Maris

Hutun ranar 'yancin kai, Ghana ta cika 67. Ba atisaye. Maɓalli na biyu ya tsage jiya, wani ya kai masa duka da dunƙulallen hannu. Sabo sidi 15.

Asabar, 9 ga Maris

Mun gayyaci makarantu biyu na kusa da mu karawar sada zumunta a ɗakin taro. Malaminsu ɗaya ya yi alƙalanci, kuma kafin a fara na roƙe shi ya yi gwajin rula da hannunsa, na kuma ba su labarin abin da ya faru da mu ba tare da na rage komai ba. Akwatin ya yi awa biyu bai yi tari ba.

Mun zo na biyu. Zagayen lissafin da ake ba da minti kaɗan a warware a rubuce shi ya kayar da mu, yaranmu sun tsallake matakai suna sauri, aka zaftare musu maki. Wannan aikin makon gobe ne.

A zagayen tsere yarinyar ta danna a tambaya ta huɗu, ta faɗi amsa ba daidai ba, aka cire mana 1. Na zuba mata ido in ga ko za ta janye hannu. Ta bar shi a kan maɓallin. Da aka zo kacici-kacici, inda amsa a alama ta farko maki 5 ce, a ta biyu 4, daga nan 3, alƙali ya karanta: ni sinadari ne a layi na huɗu na jadawali. Shiru. Ya ci gaba: sunana daga kalmar Girkanci yake mai nufin wari. Bai rufe baki ba fitilarmu ta kama. Ta ce, "Buromin." Maki 4. Yaron Asawase yana can gefe riƙe da fawa banki, ya yi tsalle har waya ta kusa fita.

Jimlar abin da aka kashe sidi 540, 40 daga ciki nawa ne. Ɗaya daga makarantun ta nemi zanen haɗin, na ce yaron zai zana musu, kuma sunansa za a sa a ƙasa. Na kuma yi magana da malamin ajinsu a kan makinsa na lissafi, za mu riƙa zama da shi ranar Talata.

Azumi na kamawa farkon mako, don haka atisaye ya koma safe, ƙarfe shida da rabi kafin taron makaranta, yara su samu komawa gida da wuri. Abin da ya rage: roba a ƙarƙashin maɓallan don kada su zame, fawa banki namu na kanmu mu mayar wa malama nata, da agogon ƙirga daƙiƙu in an samu kuɗi. Akwatin na cikin kabad ɗin ɗakin gwaji, rular na ɗaure a jikin murfinsa da igiya.